JINYA KO ƊAWAINIYA: Iyakar da Ke Wahalar da Naƙasassu a Ingila

Akwai wata tambaya da ma'aikatan asibiti da na jin daɗin jama'a a ƙasar Ingila suka daɗe suna yi wa juna, rabi wasa rabi gaske. Idan aka yi wa naƙasasshe wanka a bisa gadonsa, shin wankan nan na lafiya ne ko kuwa na jin daɗi? Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka zancen banza ne, tun da yake ruwan ɗaya ne, sabulun ɗaya ne, jikin da ake wankewa ma ɗaya ne. To, amma a can amsar tambayar nan ita ce ke nuna wanda zai biya kuɗin wankan. In aka ce na lafiya ne, gwamnati ce za ta biya, ko da mutumin ya mallaki gidaje goma. In kuwa aka ce na jin daɗi ne, sai an fara leƙa aljihunsa tukuna, kuma mai yiwuwa ne ya yi ta biya har abin da ya tara tsawon rayuwarsa ya kusa ƙarewa.

A Hausa kalmar jinya ta haɗe kome da kome. Wanda ya ba maras lafiya magani jinya yake yi, wanda ya wanke masa tufafi ko ya ba shi kunu a baki shi ma jinya yake yi. Dokar Ingila kuwa ta tsaga aikin nan gida biyu. Kashi na farko shi ne aikin da ya danganci cuta da magani, wanda likita ko ƙwararriyar nas ke yi ko kuwa suke sa ido a kansa, shi ne za a kira jinya a nan. Kashi na biyu shi ne taimakon da mutum ke bukata don ya rayu yau da gobe, watau wanka, sa tufafi, cin abinci, zagayawa bayan gida, tashi daga gado da fita unguwa, shi kuma za a kira shi ɗawainiya. Fiye da shekara 70 ke nan Turawan Ingila na ƙoƙarin shata iyaka tsakanin biyun nan, har yanzu kuwa tsugune ba ta ƙare ba.

ASALIN IYAKAR

Ranar 5 ga watan Yuli na 1948 aka buɗe Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NHS, a ƙarƙashin Ministan Lafiya Aneurin Bevan. Tushen hukumar shi ne a duba kowa kyauta a lokacin da ya bukata, a biya daga harajin da jama'a ke bayarwa. A wannan shekara ɗin dai wata dokar ta fara aiki, watau Dokar Taimakon Ƙasa ta 1948, wadda ta kawo ƙarshen tsohuwar dokar matalauta. Ita wannan ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da masauki ga tsofaffi da gajiyayyu waɗanda ba su da mai kula da su, ta kuma ba su izinin karɓar kuɗi daga hannunsu gwargwadon ƙarfin kowa.

Ke nan tun ran gini aka yi zane. Gida ɗaya kyauta ne kuma gwamnatin tsakiya ke riƙe da shi, ɗayan kuwa na biya ne kuma yana hannun ƙananan hukumomi. A zamanin nan abin bai dami kowa ba sosai, domin waɗanda suka tsara dokokin sun ɗauka mutane iri biyu ne: maras lafiya, wanda wurinsa asibiti ne, da kuma gajiyayye, wanda abin da yake bukata bai wuce ɗaki da abinci da ɗan taimako ba. Mai naƙasa mai tsanani a lokacin yakan zauna ne a ɗakunan asibiti na masu doguwar jinya, shekara da shekaru, ba ya biyan ko kwabo.

YADDA IYAKAR TA GUSA

Abubuwa biyu suka rushe wannan lissafi. Na farko, ilmin likitanci ya ci gaba, har ya zamana wanda ya karye a wuya ko ya sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, wanda a da ba zai wuce 'yan watanni ba, yana iya rayuwa shekaru da dama. Na biyu, asibitoci suka shiga rufe ɗakunan masu doguwar jinya, wani ɓangare saboda an gane zaman asibiti na har abada ba rayuwa ba ce, wani ɓangare kuwa saboda tsimin kuɗi.

Cikin shekarun 1980 gwamnati ta riƙa biya wa marasa galihu kuɗin zama a gidajen jinya masu zaman kansu daga asusun tallafin jama'a, sai gidajen nan suka yawaita kamar jamfa a Jos. Da kuɗin ya yi wa gwamnati nauyi, sai aka yi doka a 1990, wadda ta fara aiki sosai cikin Afrilun 1993, aka mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi, su auna bukatar mutum su kuma auna dukiyarsa. Ta haka, ba tare da Majalisar Dokoki ta taɓa zama ta ce an soke jinya kyauta ba, dubban mutanen da a da asibiti ke ɗauke da su suka wayi gari suna biyan kuɗin gadon da suke kwance a kai.

Wanda ya fara tsawatarwa shi ne Kwamishinan Sauraron Koke-koken Jama'a kan harkar lafiya. A 1994 ya fitar da rahoto kan wani magidanci a birnin Leeds wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami mummunar illa, ba ya iya motsi, ba ya iya magana, ba ya iya riƙe fitsari ko bayan gida. An sallame shi daga asibiti zuwa gidan jinya mai zaman kansa bisa hujjar cewa likitoci sun yi iyakar abin da za su iya, aka bar iyalinsa da biyan kuɗi. Kwamishinan ya ce hukumar lafiya ta gaza a aikinta, domin rashin warkewa ba ya fitar da mutum daga cikin marasa lafiya. A 1995 gwamnati ta umurci kowace hukumar lafiya ta yanki ta rubuta ma'auninta na wanda ya cancanci jinya kyauta. Sai dai an gudu ba a tsira ba, domin kowace hukuma ta rubuta nata dabam, har ya zama abin da mutum zai samu ya dogara ga unguwar da yake zaune.

SHARI'AR DA TA ZAMA MADUBI

A nan ne labarin wata mata mai suna Pamela Coughlan ya shigo. A 1971 ta yi haɗarin mota wanda ya shanye mata hannuwa da ƙafafu. Sai an taimaka mata da robar fitsari a kai a kai, ba ta iya riƙe bayan gida, kuma numfashinta ya raunana, amma hankalinta garau yake. Ta yi shekaru a wani asibiti a birnin Exeter, sa'an nan a 1993 aka roƙe ta ita da wasu abokan jinyarta su koma wani sabon gida mai suna Mardon House, wanda hukumar lafiya ta gina musamman domin irinsu, aka kuma yi musu alkawari cewa nan ne gidansu muddin ransu.

Shekara 5 kacal bayan haka, a 1998, hukumar lafiya ta Arewa da Gabashin Devon ta yanke shawarar rufe gidan. Hujjarta ita ce irin jinyar da matar nan ke bukata ta yau da kullum ce, ba ta ƙwararru ba, saboda haka ƙaramar hukuma ce ya kamata ta ɗauke ta. Ita kuwa ta ce ba ta san zancen ba, ta garzaya kotu.

Allura ta tono garma. Cikin Yulin 1999 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a ƙarƙashin Mai Shari'a Lord Woolf, ta yanke hukunci iri biyu. Da farko ta ce saɓa alkawarin da aka yi wa matar rashin adalci ne da ya kai matsayin yin amfani da iko ba bisa ƙa'ida ba. Na biyu, wanda ya fi shafar jama'a, kotun ta shata iyakar abin da ƙaramar hukuma ke da ikon ɗauka. Ta ce ƙaramar hukuma na iya samar da jinya ne kawai in jinyar nan 'yar rakiya ce ga masaukin da take bayarwa, kuma in irin wadda za a iya sa ran ofishin jin daɗin jama'a ya yi ce. Da zarar jinyar ta wuce haka, ko ta wajen yawa ko ta wajen irinta, to nauyin duka ya koma kan Hukumar Lafiya. Kotun ta ga bukatun Pamela Coughlan sun yi wa wannan iyaka nisa.

Muhimmancin hukuncin shi ne matar ba ta cikin magagin mutuwa, halin da take ciki bai sauyawa kullum, kuma ba likita ne ke tsaye a kanta dare da rana ba. Duk da haka kotu ta ce ta Hukumar Lafiya ce. Tun daga lokacin duk wanda ke jayayya da hukuma kan batun nan, da halin matar nan yake gwada nasa.

Amma hukuncin kotu dabam, aikin ofis dabam. Cikin Fabrairun 2003 Kwamishinar Koke-koke ta lokacin, Ann Abraham, ta gano cewa wasu hukumomin lafiya na aiki da ma'auni mai tsauri fiye da yadda doka ta yarda, sai da aka sake duba dubban takardu aka mayar wa mutane kuɗin da aka karɓa ba bisa haƙƙi ba. A 2006 kuma Babbar Kotu ta sake soke ma'aunin wata hukumar lafiya a Bexley, a ƙarar da Maureen Grogan ta shigar, wata mata mai fama da cutar da ke lalata jijiyoyi sannu a hankali, wadda ta sayar da gidanta don biyan kuɗin gidan jinya.

MA'AUNIN DA AKE AIKI DA SHI

Bayan wannan faɗi-tashi ne gwamnati ta kafa ma'auni guda ga Ingila baki ɗaya, wanda ya fara aiki cikin Oktoban 2007, aka kuma yi masa gyara a 2012 da 2018 da 2022. Tambayar da ma'aunin ke yi ita ce: shin babbar bukatar mutumin nan ta lafiya ce? Ba sunan cutar ake dubawa ba, ba kuma wurin da yake kwance ba, ko asibiti ne ko gidan jinya ko ɗakinsa. Abubuwa huɗu ake dubawa: irin bukatar, tsananinta, sarƙaƙiyarta, da kuma yadda take iya rikiɗa ba zato ba tsammani.

Da farko akan yi ɗan gajeren bincike don tace waɗanda za su wuce gaba. Wanda ya tsallake sai a haɗa masa ayarin ma'aikata su auna shi ta fuska 12: numfashi, cin abinci da sha, riƙe fitsari da bayan gida, lafiyar fata, motsi, iya isar da magana, halin zuciya, fahimta, ɗabi'a, shan magani, suma ko farfaɗiya, da sauran manyan bukatu. A kowace fuska akan ba shi matsayi, daga babu bukata zuwa sama, a wasu fuskokin har zuwa mai tsanani ko ta gaggawa. Wanda aka ba matsayin gaggawa a fuska ɗaya, ko mai tsanani a fuska biyu, ana sa ran a ce ya cancanta. An ƙayyade kwana 28 don yanke shawara, akwai kuma gajeriyar hanya ga wanda jikinsa ke taɓarɓarewa da sauri yana fuskantar ajali.

Wanda ya cancanta, Hukumar Lafiya za ta ɗauki nauyinsa duka, jinya da ɗawainiya, har da kuɗin ɗaki da abinci in a gidan jinya yake, ba tare da an tambaye shi abin da ya mallaka ba. Sai dai ba a gama ke nan ba. Akan sake duba shi bayan wata 3, sa'an nan aƙalla sau ɗaya kowace shekara, kuma ana iya janye tallafin. A nan ne gizo ke saƙa. A ce naƙasasshe na fama da gyambon kwanciya, aka samo masu juya shi a kan kari dare da rana har gyambon ya warke. Ranar da masu awo suka dawo sai su tarar da fata lafiya lau, su rubuta cewa bukata ta ragu, alhali kuwa juyawar nan ce ta hana gyambon dawowa. Ma'aunin kansa ya yi gargaɗi cewa bukatar da aka shawo kanta da kyakkyawar kulawa ba ta daina zama bukata ba, amma ƙungiyoyin naƙasassu sun sha kokawa cewa ba kullum ake bin gargaɗin ba.

Akwai kuma matsakaicin mataki. Tun Oktoban 2001 wanda ke zaune a gidan jinya amma bai cancanci cikakken tallafi ba, Hukumar Lafiya na biyan wani ƙayyadadden kuɗi kowane mako a madadin aikin nas mai rajista. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 kuɗin ya kai Fam 235.88 a mako. Sauran kuɗin gidan, wanda shi ne mafi yawa, yana wuyan mutumin ko ƙaramar hukumarsa.

ABIN DA KE ƊAYA ƁANGAREN

Wanda aka ce bukatarsa ɗawainiya ce, sai ya koma ƙofar ƙaramar hukuma, inda Dokar Kulawa ta 2014 ke aiki tun Afrilun 2015. Dokar nan ta riƙe iyakar da kotu ta shata a 1999 kusan yadda take. A ƙarƙashinta, wanda dukiyarsa ta haura Fam 23,250 shi zai biya kuɗin gidan kulawa baki ɗaya. Wanda ke tsakanin Fam 14,250 da Fam 23,250 zai ba da wani abu daga ajiyarsa. Wanda ke ƙasa da haka ba a taɓa ajiyarsa, amma ana karɓa daga kuɗin da ke shigo masa, har da wasu kuɗaɗen tallafin naƙasa. An tsayar da alkaluman nan ne a 2010, suka kuma shekara fiye da 10 ba su motsa ba, alhali farashin kome ya tashi. In mutum a ɗakinsa ake yi masa hidima ba a lissafa darajar gidansa, amma in ya koma gidan kulawa na dindindin ana lissafawa, sai fa in matarsa ko mijinta ko wani ɗan'uwa da doka ta ambata na zaune a ciki.

Akan ɗauki maganar nan tamkar ta tsofaffi ce kaɗai, amma ta fi yi wa matashin naƙasasshe ciwo. Tsoho yakan yi 'yan shekaru yana biya. Wanda ya naƙasa yana ɗan shekara 25 kuwa, rayuwarsa duka a ƙarƙashin awon nan za ta kasance. Ba a lissafa albashinsa in yana aiki, amma da zarar ya tara albashin ya zama ajiya, ko ya ci gado, to lissafi ya hau kansa. Watau an yarda ya yi aiki, amma tanadi ya zama masa tarko.

Bugu da ƙari, a wannan ɓangare hukuma na da damar duba aljihunta wajen zaɓen hanyar da za ta biya bukatar mutum. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Elaine McDonald, shahararriyar 'yar rawa a da, wadda ɓarin jikinta ya shanye a 1999. Tana bukatar mai taimaka mata ta tashi yin fitsari sau biyu ko uku cikin dare. Ƙaramar hukumarta a Landan ta janye mai kwana da ita, ta ce ta riƙa sa ƙunzugu, ko da yake ita tana iya riƙe fitsarinta. A 2011 Kotun Ƙoli ta goyi bayan hukumar da alƙalai 4, Mai Shari'a Lady Hale kaɗai ta saɓa. A 2014 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yarda cewa batun ya taɓa mutuncinta, amma in ban da wani ɗan lokaci na farko, ta ce hukuma na da ikon yanke irin wannan shawara.

ABIN DA YA HANA RIGIMAR ƘAREWA

Ruwa ba ya tsami banza. Asusu biyu ne, kowanne da mai tsaronsa, kuma kowanne bai ishi mai shi ba. Duk mutumin da ofishin lafiya ya tura wa ƙaramar hukuma, ofishin ya huta da kuɗinsa. Duk wanda ƙaramar hukuma ta yi nasarar mayarwa ofishin lafiya, ita ma ta huta. Ma'aikatan da ke zama su auna naƙasasshe sun san haka sarai, ko da kuwa mutanen kirki ne masu tsoron zalunci.

Ofishin Binciken Kuɗin Gwamnati ya bayyana girman abin cikin rahotonsa na 2017. Ya ce a shekarar kuɗi ta 2015 zuwa 2016 mutane kusan 160,000 ne suka sami cikakken tallafin ko aka ce sun cancanta, aka kashe kimanin Fam biliyan 3.1. Amma a wani yanki mutum 28 ne ke samu cikin kowane 50,000, a wani kuwa 356, bambancin da ofishin ya ce yanayin jama'ar yankunan kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. A lokaci guda an bukaci hukumomin lafiya su yi tsimin Fam miliyan 855 a wannan fanni zuwa shekarar kuɗi ta 2020 zuwa 2021.

Ko wanda ya ci nasarar samun tallafin ma bai tsira ba. A 2018 Hukumar Daidaito da Haƙƙin Ɗan Adam ta yi barazanar kai hukumomin lafiya 13 kotu, saboda sun ƙayyade kuɗin da za su kashe wa mutum a ɗakinsa, wanda hakan ke iya tilasta wa naƙasasshe barin gidansa da iyalinsa ya koma gidan jinya ba da son ransa ba. Wannan kuwa ya taɓa abin da naƙasassun Birtaniya suka daɗe suna fafutika a kai, watau a daina kallonsu tamkar majinyata na har abada, a ba su kuɗin a hannu su ɗauki ma'aikatan da suke so. Sun sami wannan dama a ɓangaren ɗawainiya da dokar 1996, a ɓangaren jinya kuwa sai a 2014. Saboda haka naƙasasshe kan sami kansa gaba kura baya sayaki: don ya tsira da dukiyarsa sai ya nuna shi majinyaci ne, don ya tsira da 'yancinsa kuwa sai ya nuna shi ba majinyaci ba ne.

MASU ƊAUKE DA NAUYIN

A bakin gado iyakar nan ba ta ganuwa. Ma'aikaciyar ɗawainiya da ke yi wa mutum wanka ita ce ke fara ganin jan tabon da zai zama gyambo. Ayyuka da yawa da a da nas kaɗai ke yi, kamar ɗura abinci ta robar ciki, kula da robar fitsari da ba da magani, yanzu akan horar da ma'aikatan ɗawainiya su yi bisa umurnin nas, alhali albashin mafi yawansu bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba.

Cikin ma'aikatan nan akwai 'yan Nijeriya da dama. Cikin Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga ma'aikatan ɗawainiya daga ƙasashen waje, kuma a 2023 Nijeriya na cikin ƙasashe uku da suka fi samun bizar, tare da Indiya da Zimbabuwe. Cikin Maris na 2024 aka hana sababbin masu zuwa tahowa da iyalansu, sa'an nan cikin Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Baya ga masu albashi kuma akwai 'yan'uwa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kimanin miliyan 5 a Ingila da Wales na yi wa wani nasu hidima ba tare da biya ba. Duk abin da asusun nan biyu suka yi ta turawa juna, a ƙarshe kan waɗannan yake faɗawa.

HANYAR SIKOTILAN

Ba a rasa masu ba da shawara ba. A 1999 wani babban kwamiti a ƙarƙashin Sir Stewart Sutherland ya ce a raba kuɗin kashi uku: na abinci da sauran bukatun rayuwa, na masauki, da na hidimar jiki. Mutum ya biya biyun farko gwargwadon ƙarfinsa, hidimar jiki kuwa a yi ta kyauta, ko nas ta yi ko wani. Hujjar kwamitin ita ce babu adalci a ce mai ciwon daji ya sami kome kyauta, mai cutar ruɗewar ƙwaƙwalwa kuwa ya sayar da gidansa. Gwamnati a Landan ta ƙi, ta tsaya a kan biyan aikin nas kaɗai.

Sikotilan kuwa, wadda ke da majalisarta, ta karɓa. Daga Yulin 2002 hidimar jiki ta zama kyauta ga 'yan shekara 65 zuwa sama. Amma wannan ya haifar da wata iyakar, ta shekaru. Frank Kopel, tsohon ɗan ƙwallon ƙungiyar Dundee United, ya kamu da cutar ruɗewar ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara 59, iyalinsa suka yi ta biya, ya kuma rasu a 2014 jim kaɗan bayan ya cika 65. Matarsa Amanda ta ci gaba da fafutika har aka gyara doka, daga 1 ga Afrilun 2019 hidimar ta zama kyauta ga duk baligin da aka auna aka ga yana bukata. Har yanzu ana biyan kuɗin ɗaki da abinci a can, ana kuma kukan jiran layi, amma aƙalla tambayar wankan lafiya da na jin daɗi ta rage nauyi a aljihun naƙasasshe.

ALKAWURAN DA BA A CIKA BA

A Ingila kuwa wankin hula ya kai dare. A 2011 kwamitin Andrew Dilnot ya ba da shawarar a ƙayyade abin da mutum zai biya tsawon rayuwarsa a kan Fam 35,000, wanda kuma ya shiga shekarun balaga da naƙasarsa kada ya biya kome. Gwamnati ta tsayar da Fam 72,000 daga 2016, sai ta ɗage a 2015, daga bisani maganar ta bi ruwa. A 2014 wani kwamitin a ƙarƙashin Kate Barker ya ce a haɗe asusun biyu su zama ɗaya. A 2021 Firayim Minista Boris Johnson ya yi alkawarin ƙayyade biyan a Fam 86,000 daga Oktoban 2023. A 2022 aka ɗage zuwa Oktoban 2025, sa'an nan cikin Yulin 2024 Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta soke shirin, ta ce babu kuɗin aiwatar da shi. Cikin Janairun 2025 aka naɗa wani sabon kwamiti a ƙarƙashin Louise Casey, aka ɗibar masa zuwa 2028 ya miƙa rahotonsa na ƙarshe.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne matsalar ba ta rashin gwanintar shata iyaka ba ce. Alƙalai sun shata, ma'aikatu sun rubuta ma'auni mai fuska 12, an gyara an sake gyarawa. Amma muddin gefe ɗaya na iyakar kyauta ne, ɗaya gefen kuwa na iya cinye gidan mutum, to kowane taron awo zai zama fagen ja-in-ja, kuma wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ko ɗan'uwa mai ilmin bin takardu shi zai sha ƙasa. Duk ƙasar da ke shirin kafa wa naƙasassunta tsarin kulawa, ya kamata ta yi nazarin abin da Ingila ta yi a 1948 kafin ta raba aikin tsakanin ma'aikatu biyu, domin raba asusu a takarda aikin yini ɗaya ne, amma haɗe shi ya gagari gwamnatoci bi da bi har tsawon shekara fiye da 70.